Na Ce Ta Tsaya, Kakarta Ta Ce Ta Gudu

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

Mu mutanen wani ƙauye ne wajen Burkusuma, rashin tsaro ya taso mu muka dawo cikin Sabon Birni, muka samu ɗaki a bakin titi. Ina da ɗiya Nana, shekararta shida, Islamiyyarsu tana tsallaken kwalta. A ƙauyenmu duk yaron da ya iya tafiya abu ɗaya ake fara koya masa, in ka ji ƙarar babura da yawa 'yan bindiga ne, kada ka waiwaya, kada ka tsaya neman takalmi, ka ruga gida. Nana ta riƙe wannan tun kafin ta riƙe Fatiha, kuma ban ga laifin kowa ba, da shi muka tsira.

Da muka zo nan sai na fara mata sabon karatu. Kullum in kama hannunta mu tsaya bakin kwalta, in ce duba hagu, duba dama, sake duba hagu, ki saurara, ba gudu. Yarinyar akwai kai, har ƙawayenta take yi wa gyara, ni kuwa na saki jiki.

Ranar kasuwar da ta wuce ina ƙofar gida ina hangen ta an taso su, ta tsaya tsaf kamar yadda na koya mata, sai ga 'yan kabu-kabu sun kwararo ta bayanta a jere, ɗauke da buhuna. Wallahi ko kai ba ta juya ba, ta faɗa titi a guje, ga motar hatsi tafe. Direban ya taka birki har motar ta karkace, takalminta ɗaya a gindin taya na ciro shi. Ita ko ƙwarzane babu, a ƙarƙashin gado na same ta.

Na ce dole a raba ta da wannan gudun, uwar mijina ta ce ba dai tana raye ba. Wai direba yana da birki, waɗancan mutanen ba su da shi, kuma wa ya ba ni tabbacin ba za su shigo gari ba. Na ce titi kullum ne, ta ce ni ban taɓa binne ɗa ba, ita ta binne. Gaskiya ta faɗa. Maigidana yana Nijar wajen nema, a waya ya ce in koma raka ta, to cikina ya tsufa, haihuwa yau ko gobe, tsohuwa kuma gwiwa ba ta kai ta titi. Malaminsu ya ce manyan yara su riƙa tsallakar da ita, na duba yaran duk 'yan ƙauyenmu ne, gudu ɗaya aka koya musu.

Jiya ina sake nuna mata, ta ɗago kai ta ce, "Mama, in nit tsaya diba hanya, su ma tsayawa za su yi su jira ni?"

Har yanzu tana jiran amsata, ga kasuwa za ta sake ci. Ina tsoron in ce ta tsaya, ina tsoron in ce ta gudu. Iyaye, in babura suka taso tana bakin kwalta ba ni kusa, wanne za ni ce ta yi?