Layin Juma'a na Kawu Codjo

Cotonou, Litinin

Kawu Codjo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Ayaba da gonar abarba. Bayan haka, wata ukun gwajina a kamfani zai cika ran Juma'a. Shugabarmu, Madam Hounsou, ta ce in rubuta fulogin, wato ɗan ƙarin da ake maƙala wa manhajar da ke harhaɗa mana aiki kafin mu fitar wa jama'a. Ran Juma'ar da ƙarfe huɗu zan gwada shi gaban kowa. In ya yi, an ɗauke ni, in bai yi ba, in tattara nawa-ya-nawa.

Sai na tuna da wanda ka rubuta tun kafin ka bar kwamfuta ka kama fartanya. Na kwaso shi ɗungurungum, na sauya masa suna, na gwada, ya tashi tsaf. Ka yafe mini satar, ai kayan gida ne.

'Yarka,
Sènami

Allada, Juma'a da yamma

Sènami 'yata,

Muna lafiya, Innarki na gaishe ki. Sai yanzu na shigo gari na samu sabis, na ga wasiƙarki a waya. Sata kam na yafe, don me aka rubuta shi in ba a ɗauka ba? Amma ke, kin karanta shi kuwa?

Wata Juma'a da yamma na taɓa fitar da aiki, komai ya rushe, na wuni Asabar ina gyara, ana can ana ɗaurin auren iyayenki ba ni. Uwarki har yau tana yi mini gori. Shi ne na cusa wani layi can ƙasan rubutun fulogin: ran Juma'a, da rana ta raba, fulogin ba ya harhaɗa komai. Yanzu biyar ta wuce. Don Allah ki rubuto, na kasa ko zama.

Kawunki mai laifi,
Codjo

Cotonou, Asabar

Kawu,

Ina gaishe ka. Huɗu daidai na danna, sai ga rubutu ɓaro-ɓaro a babban allo: "Yau Juma'a ce, ku tafi gida wurin iyalinku." Ni kuwa kunya kamar in nutse.

Madam ta ce, "Ke kika rubuta wannan?" Na ce a'a, na kawuna ne, ban ma karanta ba. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce shekara huɗu tana hana yaran ofis fitar da aiki ran Juma'a, sun ƙi ji. Ta ɗauke ni, da sharaɗin in karanta shi layi-layi kafin Litinin, ta kuma sallami kowa ya tafi gida.

Layin yana nan, na sa sunanka a kansa. Gobe ina tafe da Mama, a yanka abarba.

Sènami