Hanyar da Khalid Ya Zana

Zuwa ga Raniya, ruwan farkon damina a kan baƙar ƙasar Gadarif, farin furen riɗi da raɓa ta kwana a kansa, inuwar rumfa a tsakar rana, sanyin idona, kuma a yau zafin ƙirjina.

Assalamu alaiki, ya habibti. Gaisuwa gare ki adadin ƙwayar riɗi ranar kaɗewa, da bege mai nauyin buhun dawa a kafaɗar ɗan dako. Ina fata kina lafiya, ke da Baba da Hajja da yaran ajinki.

Daga Hawata nake rubuto miki, a bakin kogin Rahad, da hantsin Talata. Baburanmu uku na jingine a gindin wata bagaruwa. Uku, Raniya, ba huɗu ba. Yunus da Salihu sun gangara wanka, ina jiyo dariyarsu, ni kuwa na ɗora takarda a kan tankin mai ina rubutu. Wayata na aljihu, na san lambarki kamar sunana, amma in na ji muryarki zan manta duk abin da na zo faɗa, in tambaye ki ko kin karya kumallo, mu yi sallama. Kullum haka kike yi mini. Shi ya sa na zaɓi takarda. Gwaggo Tasalla za ta shiga motar Gadarif bayan azahar, ita za ta miƙa miki hannu da hannu, ba ta san abin da ke ciki ba.

Kin tuna ranar laka? Damina biyu ke nan. An tafka ruwa da safe, na shigo layinku da gadarar sabon babur, baƙar lakar nan tamu ta kama tayar baya ta ƙi saki. Ina murza wuta tana fesa mini taɓo har ƙeya. Sai ga ki kin taso daga makaranta, littattafan yara a ƙarƙashin tob ɗinki, mayafin nan ruwan goro, takalmi a hannu. Kika tsaya, kika dube ni sama da ƙasa, kika ce, "Jakin naka ya yi gardama, ya usta bakanike?" Kika shige gida kina dariya. Na ɗauka shi ke nan, sai ga ki da buta da ɗan sabulu, kina zuba mini ina wanke hannu, idonki a ƙasa, bakinki na ƙoƙarin ɓoye murmushi. Wayyo Raniya! Babur ya fita daga laka a ranar, ni ne ban fita ba har yau. Wace irin buta ce wannan, da ruwanta ya wanke hannu ya kuma tafi da hankali?

Kin san mu huɗu ne tun muna yara: ni, Yunus, Salihu da Khalid. Kin san kuma in an gama girbin riɗi, injinan gona sun huta, ni ma na ajiye sifana, babu abin da ke raba mu da hanya. Kuma duk tafiyar da muka taɓa yi, Khalid ne ya tsara ta. Shi ke shimfiɗa takarda a wurin mai shayi, ya zana hanya da biro, ya sa ɗigo inda za a sami mai, ya sa ɗigo inda za mu yi salla, ya rubuta gidan ɗan'uwan wane za mu sauka. Shi ke tuna mana faci da famfo da igiya, shi ke cewa kada kowa ya fito babu hular kwano. Ba mu taɓa yi masa musu ba, don bai taɓa ɓatar da mu ba. Da zanensa muka je Shuwak muka ga ruwa ya cika ido har ƙarshen gani. Da zanensa muka ratsa gonakin dawa, zangarniya na sunkuyo mana dama da hagu kamar masu gaisuwa, iska na cika mana riguna, Salihu na rera waƙa da muryarsa mai kama da ta akuya. Wallahi na ji daɗin duniya a kan hanyoyin nan. Kuma a kowace kwana, a kowane gangare, ke nake gani. In tsuntsaye suka tashi daga gona sai in ce da Raniya na nan. In na sha jabana, gahawar nan mai citta, a wata rumfa sai in ce ba ta kai ta Raniya ba.

To, ya hasken safiyata, bari in faɗi abin da ke cina, in faɗe shi daki-daki kamar yadda ya same ni, kada ki ce kishi ne kawai ya ɗebe ni.

Tafiyar Gallabat ce farko. Khalid ya yi sati biyu yana tsara ta, har ya rubuta mana sunan mai sayar da bunni, ƙwayar gahawar Habasha, da za mu nema. Ranar tashi, mun ɗaure kaya, sai ya iso a ƙafa ya ce sarƙar babur ɗinsa ta tsinke, mu yi gaba zai cim mana a Doka. Ni bakanike ne, Raniya. Na ce ya kawo in haɗa masa ita kafin shayi ya huce. Ya ce a'a, kada in ɓata wa jama'a lokaci. Muka jira shi a Doka har rana ta karkata, bai zo ba. A can ne yashi ya kwashe mini taya na faɗi, na kuje gwiwa. Na roƙi Yunus da Salihu kada su gaya wa kowa, don kada hankalinki ya tashi. Mutum ɗaya na gaya wa ta waya, shi ne Khalid, da ya kira yana ba da haƙuri. Da na dawo na kawo miki bunni, ban ko zauna ba kika ce, "Yaya gwiwar?" Dogon wando ne a jikina, ba na ɗingishi. Na ji daɗin tambayar a lokacin, na ce kulawa ce. Sai da na hau babur zan tafi gida tambayar ta biyo ni: wa ya gaya mata?

Na kore ta. Na ce Gadarif gari ne mai kunnuwa, magana na tafiya ko babu ƙafa.

Bayan sati biyu na shiga shagon Khalid, na same shi yana cin alewar riɗi. Ya miƙo mini, na gutsura. Raniya, zumar da ƙudan zuma bai san hanyarta ba, ko a mafarki na san alewarki! Duk Gadarif wa ke sa mata citta da ƙwayar habbahan mai ƙamshi in ba ke ba? Na dubi takardar da aka naɗe ta, tsohon shafin lissafin yara ne, an yi masa maki da jan biro, bakwai bisa goma, da wannan bakwai ɗin naki mai ɗan ƙugiya a ƙasa. Na tambaye shi inda ya samo. Ya ce wata maƙwabciya ce ta aiko wa mahaifiyarsa, ya dunƙule takardar ya jefa a aljihu. Wa ke jefa shara a aljihu? Na yi dariya, na ce tana da daɗi, na fita.

Sai wannan tafiyar. Hawata ba nisa gare ta ba, kwana uku sun ishe mu zuwa da dawowa har da hutawa. Khalid ya zana kwana biyar. Ya ƙara mana ƙauyuka a bakin kogi, ya ce akwai kifin da in ba mu ci ba ba mu zo duniya ba. Ya dage, ya ƙawata, har ni na fi kowa ɗoki. Ranar Lahadi da safe ya aiko cewa mahaifiyarsa ta kwana da zazzaɓi. Muka yi mata addu'a muka tashi. A zangon farko matar Salihu ta kira shi, cikin hira take ce masa ta ga Hajjar su Khalid a gidan suna, tana raba wa mata turare. Yunus, kin san shi da sakin baki, ya kwashe da dariya ya ce, "Ya zol, mutumina, Khalid ai yanzu ɗan layin su Raniya ne, babur ɗinsa ya san hanya da kansa." Na ga Salihu ya taka masa ƙafa. Na gani da idona. Kowa ya koma duba tayarsa.

Duk da haka na samo miki mafita, domin mai so ba ya rasa uzurin da zai ba masoyinsa. Na ce Huseina ce! Ƙanwarki ta isa aure, Khalid na jin kunyar gaya mini, shi ya sa yake jiran in bar gari ya je zance. Ita ta ji labarin gwiwa ta gaya miki, ita ta ɗebi alewarki ta ba shi. Raniya, da kin ga yadda na yi murna da wannan tunani! Na riƙe shi tun daga Gadarif har Hawata kamar mai riƙe da ƙwai a cikin cunkoson kasuwa. Har na fara shirya tsiyar da zan yi masa, in ce ashe ƙanina zai zama.

Jiya da la'asar muka shiga kasuwar Hawata sayen burodi. Na ji an ce, "Yaya Jibril!" Na waiwaya, Huseina ce, da kwandon tumatir. Muka gaisa. Na ce yaushe a gari? Ta ce ai tun kafin a fara yankan riɗi take nan wurin innarku, tana taya ta jego, wata na uku ke nan ba ta leƙa gida ba. Na ce Khalid na gaishe ta, don in ga fuskarta. Ta ɗan yi tunani ta ce, "Wane Khalid?"

Ban san yadda na koma wurin babur ba. Salihu ya ce na bar burodin a kan teburin mai shi.

Ya kurciyar da ta yi sheƙa a haƙarƙarina, gaya mini, me zan yi da wannan? Wurin wa yake zuwa a layinku? Wa ke shimfiɗa masa tabarma? Hannun da ya zuba mini ruwa daga buta, shi ne ke miƙa masa finjalin jabana yanzu, ni ina can ina haɗiyar ƙura a kan hanyar da ya zana mini? Ashe duk ɗigon da yake sawa a takarda, lissafin nisana da ke yake yi? Ko kuwa akwai wani bayani da wautata ta hana ni gani? In akwai, don girman Allah ki faɗa, zan karɓe shi da hannu biyu, in zo in durƙusa in nemi gafararki da tasa.

Ba zan wanke kaina ba. Na san laifina. Ranar da aka karrama ki a makaranta ina Shuwak. Ranar da Baba ya kwanta asibiti ina Gallabat ina cinikin bunni. Sau uku kina tambayata yaushe manyana za su zo, sau uku ina cewa bari a dawo daga wannan tafiyar. Kin taɓa ce mini, kina wasa da bakin tob ɗinki, wai kin gaji da son mutumin da kullum bayansa kike gani. Na yi dariya a lokacin. Yau ba na dariya. Wanda ya bar gonarsa babu shinge ba shi da bakin zagin tsuntsu. Amma tsuntsu daban, Raniya, abokin da kuka ci a akushi ɗaya daban. Kuma gona ba ta da baki, ke kuwa kina da shi, da kin ce mini in tsaya da babbar murya, wallahi da na tsaya.

Yunus ya ce mu juya yau, mu shiga gari ba zato, in gani da idona. Na ƙi. Ba zan yi miki sanɗa ba, ba zan laɓe a bakin layinku kamar ɓarawo in ƙirga baburan da ke ƙofar gidanku ba. Wadda nake so ta fi ƙarfin a yi mata tarko. Ranar Alhamis aka rubuta za mu dawo, ranar Alhamis zan dawo, da rana tsaka, kowa na gani.

Ga abin da na yi maimakon haka. Da safen nan na kira Kawu Ɗahiru, na ce ya shirya, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ɗauki dattawa biyu su je wurin Baba su nema mini aurenki. Ya ce ai tuni ya kamata. Abin da na yi ta ɗagawa shekara biyu, na yanke shi cikin minti biyu, kuma kaico da sai tsoro ne ya koya mini.

Saura naki. In zuciyarki na nan inda na bar ta, kada ki ce komai, ki bar su su zo, sauran maganar mu yi ta a hankali ni da ke. In kuwa ta tashi, kada ki bari dattawa su sa manyan riguna su zo su ji kunya a gaban mahaifinki. Ki aika wa yayata Hajar kalma ɗaya kafin daren Alhamis, ita za ta tsayar da Kawu. Ba zan tambaye ki dalili ba, ba zan ɗaga wa Khalid murya ba, ba kuma za ki ji sunanki a bakina a wurin mai shayi ba. Abin da ba zan iya yi miki alkawari ba shi ne in daina sonki. Wannan ba a hannuna yake ba. Na gwada jiya tun daga kasuwa har bakin kogi, ban iya ba.

Ga Gwaggo can ta fito da jakarta tana ɗaga mini hannu, dole in naɗe takarda.

Naki jiya, naki yau, naki ranar Juma'a ko an buɗe wa Kawu ƙofa ko ba a buɗe ba, har ranar da za a mayar da ni cikin baƙar ƙasar da na fara ganinki a kanta,

Jibril