Ajiye Gatarin, Naja'atu

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake hutawa a ƙarƙashinta, matata Naja'atu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga Tsaskiya zuwa Darini. Ki durƙusa ki gaishe mini da Inna.

Alhamdu lillahi! Sai yau hankalina ya kwanta. Tun ranar nan da kika tafi daji yin itace, aka ce an ga 'yan bindiga a wajen, na yi ta kiran wayarki tana kashe, ban ƙara jin ɗanɗanon abinci ba. Ina gaban allo da alli a hannu, zuciyata tana can cikin sabara tana nemanki. Da la'asar kika kira ni kina dariya, wai ni matsoraci ne. Na yarda, farin watana, matsoraci ne ni a kanki! Ranar na yi alkawari ƙafarki ba za ta sake taka dajin nan saboda tuwona ba.

Shi ya sa na aro murhun rana iri biyu wurin Malam Yusha'u, mai koyar da kimiyya a makarantarmu. Ɗaya akwati ne mai baƙin ciki da murfin gilashi. Ɗayan kamar ƙaton kwano yake, an liƙe shi da madubi, yana tara rana a gindin tukunya. Na ɗora musu ruwa daidai wa daida. Kai, kwanon nan! Kafin in ankara ya tafasa. Sai dai rawar kai gare shi: dole a riƙa juya shi yana bin rana, gajimare ya gifta ya huce, iska ta taso ta kwashe zafin. Akwatin kuwa sanyin jiki, kamar ni ranar da na fara zuwa zance gidanku, kina ta wasa da gefen mayafi kina jira. Amma zafin da ya kama ba ya saki.

Ki yi mini dariya yanzu. Na ce lallai a akwatin zan tuƙa tuwo. Duk lokacin da na ɗaga murfi in sa muciya, zafin ya tsere. Abin da na kwashe, ko kunu bai kai ba, gudaji kamar tsakuwa, malamai suna ta tsokanata. Ni kuwa ba dariya a raina, don na tuna Inna ta ce abin da ba ya tuƙa tuwo ba murhu ba ne, kuma wa ya taɓa cin tuwon dare da tsakar rana? In Inna ta ƙi, ai gobe kina daji. Ina zan sa kaina?

Yau da azahar na yi talge a kan kwanon, na tuƙa har hannuna ya gaji, na kwashe malmala na jera cikin akwatin tare da miyar kuka, na lulluɓe. Bayan sallar magariba na buɗe. Tururi, Naja'atu, tururi ya daki fuskata! Na ci loma ɗaya, hawaye ya zo mini. Ashe ba zaɓe ake yi tsakaninsu ba, haɗa su ake yi. Ranar hadari kuwa karan gonarmu ya ishe mu.

Ranar Juma'a in sha Allahu zan ɗauro akwatin da kwanon a babur, in tuƙa a gaban Inna da kaina, ko da maƙwabta za su leƙo ta katanga. Abu ɗaya nake roƙo, ruwan sanyina: ki tarbe ni da gatarin nan a hannu. Zan tafi da shi Tsaskiya, inda ba za ki same shi ba.

Naki, muddin ina numfashi,
Almustapha