Sunana a Faifan Badaru

Talata, 3 ga Satumba, 2024

Yau na ji kaina a shagon cajin waya a Kankia. Na shiga karɓar wayata, sai ga busar saksafon tana fitowa daga rediyon mai shagon, a hankali, kamar mai lallashin macen da ta riga ta ɗauki mayafinta. Tun kafin a je tsakiya na san ni ne.

Mai gabatar da shirin ta ce faifan jaz ne na Badaru da 'yan ƙungiyarsa, na shekarar 1986, tsofaffin waƙoƙin soyayya na Amurka, wani kamfani a Turai ya tono shi ya sake bugawa. Ta ce Badaru ne a kan piyano. Ta ce mai saksafon ɗin wani ɗan Gana ne.

Ɗan Gana. Ni Dawuda na Kusada.

Na hau babur na dawo gida. Matata Tani ta kawo tuwo, na ce cikina ne.

Laraba, 4 ga Satumba

Gero ya yi kai. Na yini ina korar tsuntsaye, waƙar tana bina.

Juma'a, 6 ga Satumba

Bari in rubuta, tunda ba wanda zan gaya wa.

A badujalar 'yan sanda ta Kaduna na koyi busa. Badaru ya ciro ni daga can, ya ce mu 'yan ƙasa ɗaya ne, shi Kankia ni Kusada, in zo mu yi kiɗan manya. Muka riƙa yi a wani otal, gaban Kwarori da Turawa da hafsoshin soja. Waƙoƙin da kowace ƙungiya ta sani ne, masu sanyi, waɗanda ake rawarsu a rungume. Ni ban jin rabin Turancin da ke cikinsu. Sai Badaru ya ce min, wannan mutumin matarsa ta tafi, wannan kuma yana jiran wadda ba za ta zo ba, to busa haka. Sai in busa.

Da za mu Legas ɗaukar faifai, ɗan Ganan da ke busa kafina yana kwance da shawara. Ni na busa daga farko har ƙarshe. Da kwalin faifan ya fito, sunansa na gani. Na tambayi Badaru, ya ce, “Dawuda, wa zai sayi jaz da sunan Bakatsine biyu a kai? Ɗaya ma da ƙyar.” Yana dariya ya faɗa.

A watan na tattara kayana. Mahaifina dama yana ta aike in dawo in bar aikin banza. Na dawo, na kama fartanya, na auri Tani. Ita kaɗai ta sani. Mutanen gari sun ɗauka ɗan sanda na yi na bari.

Lahadi, 8 ga Satumba

Na gaya wa Tani an sake buga faifan. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, “To mi kake so a yi, Malam? A yi shela a kasuwa?”

Sai ta tuna min jibi mutanen Malam Zainul Abidin za su kawo gaisuwar Salma. Kamar na manta. Ɗiyata ta ƙarshe, kuma gidan da tun kakanni allo suke wankewa.

Talata, 10 ga Satumba

Sun zo. Dattawa masu natsuwa. Yaron, Abdulmuhaimin ɗan Malam, shi ke koyarwa a Islamiyyar mahaifinsa, Salma kuwa ta daɗe da nuna shi take so. Ƙanen Malam ya ce abin da ya ja su gidana shi ne ba a taɓa jin sunana cikin wata hayaniya ba.

Na ce alhamdu lillahi. Gaskiya ya faɗa, ba a taɓa jin sunana ba.

Litinin, 16 ga Satumba

Mai shagon caji ya nuna min hoton kwalin a wayarsa. Badaru da farar kwat, yana jingine da piyano, kamar shi ya ƙera shi. Ya ce wai Turawa suna rububi, wai busar ce ta fi kama su. Ya tambaye ni ko na san mutumin, tunda tsarana ne. Na ce a'a.

Shi ya gaya min Badaru yana nan Kankia tun bara. Ɓarin jikinsa ya shanye, aka dawo da shi gidan gado. Kusan duk mako ina wuce bakin layin nan ban sani ba.

Alhamis, 19 ga Satumba

Matar Badaru, Hawwa, ta zo wurin Tani. Wai yana so ya gan ni.

Yana so. Shekara kusan arba'in, yanzu yake so.

Asabar, 21 ga Satumba

Na je. Na gaya wa kaina dubiya ce, lada zan samu.

Yana zaure a kan tabarma, an tokare shi da matasai. Bakinsa ya karkace. Hannun dama yana kan cinyarsa kamar na wani ne aka ajiye masa. Na yi zaton zan ji daɗin ganin haka. Ban ji komai ba, sai warin man zafi.

Maganarsa sai an kasa kunne. Ya ce mutanen kamfanin za su zo daga Turai ta Legas da kyamara, za su yi fim a kan faifan. Ya ce matar da ke shugabantarsu ta rubuto cewa sun samu ɗan Ganan da rai, ya ce shi bai taɓa busa wannan faifai ba. Suna tambayar wane ne.

“Ban faɗa ba,” in ji shi. “Sai ka ce in faɗa.”

Na ce, “Da can ka tambaye ni kafin ka cire?”

Hawwa ta shigo da fura ta ajiye ta fita. Can ya ce, “Na cuce ka, Dawuda.” Sai da ya maimaita sannan na gane kalmar, saboda bakin.

Na sha jiran wannan magana. Ina huɗa ina jiranta, ina kan babur ina tsara amsar da zan ba shi. Yau ta zo daga bakin da yawu ke zuba, kuma ba don ya ga dama ba, don ɗan Gana ya tona. Ban sha furar ba. Na ce zan yi tunani.

Lahadi, 22 ga Satumba

Tani ta ce in na kuskura.

Ta ce fim ɗin zai shiga wayar kowa. A ga surukin Malam Zainul Abidin a otal, giya a kan tebura, mata suna rawa. Na ce ni ban taɓa sha ba, ta sani. Ta ce ita ta sani, kasuwar Kusada ba ta sani ba. Ta ce, “Kai ka yi zamaninka. Yarinyar nan yanzu za ta fara nata.”

Wane zamani na yi? An bar ni na yi ne?

Talata, 24 ga Satumba

Mun haɗu da Malam bayan la'asar. Ya riƙe hannuna har ƙofar masallaci yana tambayar gyaɗa. Mutumin kirki ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Da mugu ne da na san abin yi.

Na kusa gaya masa. Har na buɗe baki. Sai na ce masa gyaɗa ta yi kyau bana.

Alhamis, 26 ga Satumba

Na aika wa Badaru ta bakin Hawwa: in sun tambaya, ya ce musu ya manta sunan.

Da hannuna. Wancan karon aƙalla wani ne ya yi min.

Asabar, 5 ga Oktoba

Masu fim sun zo, sun tafi. Motoci biyu. Duk Kankia ana zancen. Shugaban 'yan kasuwa ma ya je an ɗauke shi hoto da Badaru, mutumin da bara bai san Badaru na raye ba.

Na yini a gona ina yankan gero. Lauje ya yanke ni a yatsa, wanda nake danna maɓallin ƙasa na saksafon da shi. Ko da yake mene amfaninsa.

Alhamis, 10 ga Oktoba

An sa wani yanki a gidan talabijin na Katsina, na gani a wayar mai shayi. Matar kamfanin ta tambayi Badaru wane ne mai busar. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, “Wani yaro ne daga arewa. Ban taɓa jin kamarsa ba. Sunan ya ɓace min.”

Mai shayi ya ce Allah sarki, tsufa.

Ya cika min abin da na roƙa, kuma ina jin haushinsa don ya cika. Ba shi da wahalar bijire wa mutane a da.

Juma'a, 18 ga Oktoba

An ɗaura auren Salma. Jama'a ta cika har bayan masallaci. Malam ya yi addu'a mai tsawo, ya ce Allah Ya saka wa iyayen da suka rufa wa 'ya'yansu asiri. Na ce amin da ƙarfi.

Tani tana ta murna. Ta dube ni a tsakar gida, ta ce, “Ka gani?” Na gani.

Laraba, 23 ga Oktoba

Gidan ya yi shiru. Ba mai kunna waya a madafa.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Badaru ya rasu jiya da hantsi. Hawwa ta aiko.

Na je jana'iza. Mutane kaɗan ne, masu hoton ba su zo ba. Ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari, ba nauyi ko kaɗan. A wurin zaman makoki wani ɗan'uwansa ya ce Allah Ya yafe masa kiɗe-kiɗen da ya yi a ƙuruciya. Kowa ya ce amin. Ni ma na ce.

Da shi aka binne wanda ya san yadda aka yi faifan nan. Saura ni, ni kuma na ce a manta.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Hawwa ta ba Tani faifai ɗaya na asali, wai ya ce a ba ni. Ba ni da garmahon da zan sa shi. Na jefa shi ƙarƙashin gado. Har a mace sai ya ba ni abin da ba zan iya amfani da shi ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Salma ta zo yini, karon farko tun da ta tare. Tani ta fita barka. Ina ɓarar gyaɗa a inuwar ɗaki, ta zauna tana taya ni.

Can ta ce, “Baba, kai ne ko?”

Na ce ni ne wa.

Ta ce waƙa ta ukku a faifan. Tun tana ƙarama take jin ina yin ta da fito in ina gyaran babur, har inda take lanƙwasa ta sauko. Da ta ji a waya ta gane. Ta ce tun kafin biki ta sani, ta ga yadda nake, ta rasa ta inda za ta fara.

Na ce kada mijinta ya ji. Ta ce ai tare suka saurara. Na tambaye ta me ya ce. Ta ce ya ce shi dai ba ya sauraron kiɗa, amma mai wannan busa ya san baƙin ciki. Ya kuma ce kada a kai wa mahaifinsa, don Malam ba zai ji daɗi ba.

To ga shi. Tani ta yi gaskiya rabi, ni ma rabi.

Salma ta ce in ina so za ta rubuta wa kamfanin. Na ce a'a. Mai shaida ya tafi, kuma Malam yana nan. Ta yi kuka kaɗan. Na ce ta bari, gishiri zai shiga gyaɗa. Kafin ta tafi ta ɗauki wayata ta yi 'yan danne-danne, ban hana ta ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na je ɗaure kara a gonar hanyar Kaikai. Ba kowa, sai shanu daga nesa. Na kunna faifan da Salma ta sa min a waya, don in ji ko sun lalata sautin ne kawai.

Ba su lalata ba.

Duk shekarun nan in na tuna faifan, busata nake ji. Yau ban san yadda aka yi kunnena ya koma kan piyano ba. Duk inda numfashina ya kusa ƙarewa sai ya sassauta, ya ɗan jira ni, ya sa 'yan yatsu biyu a ƙasa kamar mai tallafe wanda zai sauka daga jaki. A waƙar ƙarshe na yi saurin shiga, kuskure ne sarai, sai ya biyo ni ya mai da shi kamar da gangan muka yi. Ban taɓa lura ba. Bai kuma taɓa faɗa ba.

Wannan bai wanke shi ba. Ɓarawon suna ne.

Na sake kunnawa daga farko. Karan bai ɗauru ba, sai gobe.