Rimot Ɗin Jarrabawarki

Jidda, 9 ga Yuli

'Yata Adila,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da mahaifiyarki da kawunki Gwadabe. Yaya ruwa bana a Auyo, bai ci shinkafar ba dai? Ni lafiya lau, ciwon baya ne kawai, shi ma mun saba da juna.

Na samo rimot ɗin da za ki jona da kwamfuta ki koyi tuƙa ƙaramin jirgi marar matuƙi, kafin jarrabawar ɗaukar masu yi wa tsuntsayen jan-baki feshi. Kin ce in karɓo a wurin aiki, tunda kullum ina cikin jirage. Adila, share su nake yi. Mutumin da ya shekara biyar yana karatun injin jirgi, yau cingam yake ɓamɓarewa a ƙasan kujera.

Sabon rimot ya fi ƙarfina. Na gwanjo na samu, mai arha saboda sandar ba da wuta tana dama, ke kuwa kin ce ta hagu za a gwada ku da ita. Na kwance shi na mayar da ita hagu da kaina. Shekara goma sha ɗaya rabon da wani ya buƙaci in riƙe sukudireba.

Alhaji Ɗahiru, da zai dawo gida, zai kawo miki shi Haɗeja ranar Lahadi. Ki ci jarrabawar nan, amma kada takarda ta ruɗe ki, tawa tana nan a ƙasan akwati. Mahaifiyarki kuwa, kada ki gaya mata zancen sharar nan. Bar ta da injiniyanta.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Abdulganiyyu