Haƙƙin Baffanku Tela da ke Wuyana

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku ne, ina rubuta wannan da hannuna a kan teburin ɗakin baya, da hantsi, bayan na sha magani. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ya gajarta, amma hankalina yana nan daram, kuma babu wanda ya tsaya a kaina ya ce in rubuta. Likita ya gaya mini abin da ya gani, jikina ma ya riga shi faɗa. Babba, Malama, Auta, ku zauna tare ku karanta. Kada ɗaya ya karanta ya ba sauran labari.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa, ku kira masu sani su raba yadda addini ya tsara, amma mahaifiyarku ta zauna a ɗakinta iya rayuwarta. Agogona na Babba ne. Tafireta, injin buga rubutuna, ta Auta ce. Akwai harafi ɗaya da ke maƙalewa, sai ka ɗago shi da farce. Malama, ke na bar wa littattafai da akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona. Ba don na fi son ki ba, sai don kin fi 'yan'uwanki haƙurin karanta rubutun mutane.

Na biyu. A cikin akwatin nan wasiƙun masu karatu ne. Kun san na yi shekara ashirin da shida ina gyaran kurakurai a maɗaba'a, kuma a goma sha ɗaya daga ciki ni ke rubuta labaran fatalwa a shafin baya na mujallar mako-mako, da sunan Mai Fitila. Kuna yara har taƙama kuke yi da haka a makaranta. Na ɗaure wasiƙun kashi uku.

Ɗaurin farko yabo ne. Akwai direban babbar mota da ya ce saboda ni ya daina tsayawa kusa da maƙabarta ko da taya ce ta fashe. Akwai matar da ta ce in ji tsoron Allah, 'ya'yanta sun ƙi shiga banɗaki su kaɗai, amma a ƙarshe ta tambayi yaushe ci gaba zai fito. Waɗannan ku karanta ku yi dariya.

Ɗauri na biyu na masu faɗa ne. Mafi yawansu na wani tsohon malamin makaranta ne, mai rubutu da jan biro. Sau goma sha huɗu ya rubuto, maganarsa ɗaya: wanda ya mutu ba ya dawowa ya tsaya a bakin rijiya, ni kuma ina ba da labarin kabari kamar na taɓa kwana a ciki. Wasu suka mayar masa cewa labari ne kawai, ya bar mutane su nishaɗantu. Aka yi watanni ana musu a shafina, ni ina jin daɗi. Na sa masa suna Tsoho Mai Jan Biro, na mai da shi abin dariya, shi kuwa bai taɓa zagina ba ko sau ɗaya. Na ji ya rasu tuntuni. Ku sa shi a addu'a.

Ɗauri na uku shi ne mai nauyi. Mutane ne da aka yi wa rasuwa, suka ɗauka na san wani abu. Wata uwa ta ce ɗanta ya rasu yana roƙon ruwa, likitoci sun hana a ba shi, shin har yanzu yana jin ƙishirwa? Wani magidanci ya tambaya ko matarsa tana ganin yadda ya bar ɗakinta ba a taɓa ba. Ban amsa ko ɗaya ba, don ba ni da amsa. Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai na riƙa tsintar abin da suka faɗa ina gina sababbin labarai da shi. Yaron nan mai ƙishirwa ya fito a shafina bayan mako uku, yana yawo da kofi a hannu. Uwarsa ba ta sake rubutowa ba. Malama, duk wanda adireshinsa ke nan, ki rubuta masa layi biyu: Mai Fitila bai san komai game da lahira ba sai abin da kowa ya sani, kuma yana neman gafara.

Na uku. Akwai ambulan ruwan ƙasa a gefe. Shekarar da edita ya so ya ba 'yan wasanni shafina, na zauna na rubuta wasiƙu tara da hannun hagu, da sunayen mutanen da babu su, ina yabon kaina. Edita ya karanta ɗaya da ƙarfi a ofis, ya dafa kafaɗata, ni kuma na sunkuyar da kai kamar mai kunya. Auta, wasiƙar nan da ka haddace kana karanta wa baƙi, wadda ta ce Mai Fitila ya fi duk marubutan zamani, ubanka ne ya rubuta ta. Ku ƙona su.

Na huɗu. Saboda wannan na ɗauki biro, kuma kwana uku ina kewaye shi.

Kun tashi kun ga baffanku Tela, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, ba ya shiga gidan nan. Na bar ku kun ɗauka shi mai riƙo ne, mai baƙar zuciya. Ba haka ba ne.

Shekara ashirin da huɗu ke nan, ranar da naƙuda ta kama matarsa, ya kira ni a wayar ofis da misalin sha biyun rana. Ni kaɗai ke da mota a dangi. Ya ce jini take zubarwa, in zo yanzu. Na ce masa ga ni nan, kada ya nemi wata mota. A ranar shafina zai shiga inji ƙarfe biyu, saura mini sakin layi uku. Na ce a raina minti goma ne. Na gama, sai na ga ƙarshen bai yi mini daɗi ba, na sake shi. Sa'a ɗaya da minti arba'in na yi kafin in isa ƙofarsa. Na same shi tsaye a bakin titi ba takalmi, yana leƙen duk motar da ta taho, saboda yayansa ya ce ga shi nan. An ciro yarinyar da rai, ita ce wadda kuke kira 'Yar Tela. Uwar ba ta kai la'asar ba. Likita ya ce da an zo da wuri da wataƙila an yi wani abu. Baffanku ya dube ni.

Shekara biyu abin yana cin raina. Maimakon in je in durƙusa masa, sai na rubuta labari. Labarin wata mata da ta mutu wajen haihuwa, ta riƙa dawowa tana tsayawa a bayan mijinta tela, domin ranar da take naƙuda ya ƙi tashi sai ya gama ɗinkin rigar wani attajiri. Na ɗauki laifina na ɗora masa. Na sa keken ɗinkinsa mai fedar da aka ɗaure da waya, na sa shagon aski da ke maƙwabtaka da shi, har tabon ƙuna da ke bayan hannun matarsa na sa. Na gaya wa kaina babu suna a ciki. Duk unguwa ta gane.

Ban taɓa rubuta abin da aka so kamarsa ba. Wasiƙu suka cika tire. Wani ya ce irin wannan tela ko gawarsa bai kamata a bi ba. Wata ta ce ta yi kuka har idonta ya kumbura, Allah ya isa tsakaninta da shi. Mako huɗu ina zaɓar waɗanda suka fi zafi ina bugawa. Mata suka daina kai masa ɗinki. Mahaifiyarku ta ce in janye, na ce mata ba ta san aikin rubutu ba.

Sau ɗaya ya zo maɗaba'a. Ya tsaya a ƙofa da mujallar a naɗe, injuna suna ƙara, ya matso ya ajiye ta a kan teburina. Ya ce, "Yaya, na karanta. Ka iya rubutu." Ya juya ya fita. A watan ya kwashe shagonsa ya koma bayan tashar mota. Har yau bai gaya wa kowa wanda aka jira a ranar nan ba.

Bayan an tara labaran a ƙaramin littafi, wata wasiƙa ta zo a takardar makaranta, da rubutun yarinya 'yar shekara goma sha huɗu. Ta ce: "Mai Fitila, ana cewa telan nan babana ne. Don Allah ka gaya mini gaskiya, shi ya bar mamata ta mutu?" Ba ta san baffanta take tambaya ba, don ubanta bai taɓa gaya mata ba. Ita ma ban amsa mata ba. Wasiƙar tana aljihun murfin akwatin. Na ji yanzu tana da ɗa, kuma ba ta cika zuwa gaida ubanta ba.

Na biyar. Makon jiya, Babba, da ka ɗauko ni daga asibiti na ce ka bi ta bayan tasha. Na gan shi ta tagar mota, ya sunkuya a kan keke da tabarau, kansa duk furfura. Ka tambaye ni ko ka tsaya, na ce mu wuce. Ka ga iyakar jarumtar ubanka. In Allah ya ba ni ƙarfin hali zan koma da ƙafata, amma na san kaina, shi ya sa nake rubutawa.

Ku je ku uku, da safe, kafin shago ya cika. Kada ku kai masa tsaraba, kada ya ɗauka sayen bakinsa kuka zo yi. Babba, kai za ka karanta masa na huɗu, kada ka tsallake kalma. Daga nan ku nemi 'Yar Tela. Malama, ki miƙa mata wasiƙarta, ki gaya mata amsar da ta jira shekara goma: ba babanta ba ne, ni ne.

Na shida. Kada a sake buga littafin labaran nan, ko wa ya nema. Na ji akwai tsofaffin masu karatu da ke tura wa juna hotunan shafukan a waya, har yanzu suna tsine wa telan. In baffanku ya yarda, ku tura musu abin da na rubuta a nan da sunana na gaskiya. In ya ce a bar maganar, ku bari. Shi ke da iko, ni kam hukuncin da na yanke a kan rayuwarsa ya isa haka.

'Ya'yana, in ɗan'uwanku ya kira ku, ku ajiye abin da ke hannunku ku tashi. In kun yi laifi, ku faɗa da baki tun mai haƙƙi yana jin ku. Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuri'arku, ya saka wa mahaifiyarku da alheri kan haƙurin da ta yi da ni. Ku riƙe juna, ku riƙe 'Yar Tela da ɗanta, jininku ne. Baffanku shi ne ubanku bayana, in ya karɓe ku. In ya yafe mini, ku gode masa. In kuma ya ƙi zuwa jana'izata, kada wanda ya ga laifinsa, washegari ku je ku gaishe shi.