Foldar Sunayen da Na Bari a Buɗe

Daga: Naja'atu Bashar Darini,
Jami'ar kula da shafin intanet,
Gidauniyar Inuwar Maƙwabci, Batsari.

16 ga Maris, 2022

Zuwa ga: Alhaji Sammani Tsaskiya,
Shugaban Kwamitin Amintattu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RASHIN RUFE FOLDAR SUNAYEN 'YAN GUDUN HIJIRA BAYAN DAKATAR DA NI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Ranar 28 ga Fabrairu, ɗan kwangilarmu ya sabunta manhajar sabar, wato babbar kwamfutar da shafin gidauniya yake zaune a kanta, bai sanar da ni ba. Sabuntawar ta birkita izinin shiga foldoji, shafin ya daina karɓar hotuna da takardun rajista. Kwana uku ina kiransa, wayarsa a kashe.

2. Ranar 3 ga Maris, mata daga Wagini da ƙauyukan Safana suka cika harabar ofis tun hantsi, da goyo a baya. Duk wadda ba ta shiga rajista ba, ba ta da rabon hatsi, kuma hanyarsu ba ta biyuwa bayan la'asar. Sai na buɗe izinin foldar gaba ɗaya, yadda kowa zai iya karantawa da rubutawa. Na san illar hakan, an koya mini a makaranta. Na ce gobe zan rufe. Ban rufe ba. Ba wanda ya hana ni, mantawa na yi.

3. Ranar 11 ga Maris, wani da ba a sani ba ya kira Malama Lami ta Wagini, ya faɗa mata sunayen 'ya'yanta da ajin makarantar da suke fakewa. Ni na ɗauki hotonta da hannuna, ni na ce mata sirrinta yana wurin amana. Tun ranar ban iya haɗa ido da ita ba.

4. Ranar 12 aka dakatar da ni, aka canza kalmar sirrin sabar. Ban ja da hukuncin ba. Amma yau da safe na gwada da wayata, foldar tana nan a buɗe, da sunaye da lambobin waya. An hukunta ni, ba a gyara komai ba.

Ranka ya daɗe, lokacin da aka katse layukan waya, ni ce na riƙa hawa babur zuwa Katsina da bayanan nan a jakata, wata uku, ban taɓa yin ƙorafi ba. Yau ma ba aikina nake roƙo ba.

Ina neman a umarci ɗan kwangilar ya mayar da izinin yadda ya kamata a yau, a kuma sanar da duk wadda sunanta yake ciki. Idan ba a same shi ba, a ba ni kalmar sirrin na awa ɗaya, a gaban duk wanda kwamiti ya yarda da shi. Bayan nan a miƙo mini takardar kora, zan sa hannu.

Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Naja'atu Bashar Darini